Babi na Shida: Dabba Mai Sulken Ƙashi

Ranar Kirsimeti ta shekarar 2015, wani manomi a ƙasar Ajantina ya fita zagayen gona a bakin wani rafi da ke Carlos Spegazzini, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Buenos Aires. A jikin gaɓa, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, sai ya hango wani baƙin abu mai zane kamar saƙar zuma ya leƙo daga cikin laka. Ya shiga tono, abu ya ƙi ƙarewa. Da ya gama share lakar, sai ga wani mulmulallen ƙato, faɗinsa ya kai mita guda. Ya koma gida yana shaida wa iyalinsa cewa ya tsinci ƙwan dinoso. Suka bushe da dariya, sun ɗauka wasa yake yi.

Kafin a ce me, labari ya kai gidajen talabijin. Masana ƙasusuwan dabbobin dā suna ganin hoton suka girgiza kai. Ba a taɓa samun ƙwan dinoso da ya kai wannan girma ba, kuma dinoso sun bar duniya shekara miliyan 66 da suka wuce, alhali ƙasar da ta binne wannan abu shekarunta a dubbai ake lissafa su. Abin da manomin ya tono ƙoƙon bayan wata dabba ce mai shayarwa, wadda ake kira giliftodon, babbar 'yar gidan amadilo ta ɓangaren girma.

Kada mai karatu ya yi saurin taya iyalin manomin dariya. Manyan malaman Turai, masu littattafai da kujerun jami'a, sun faɗa irin wannan rami kafin shi. Bahaushe ya ce kama da Wane ba Wane ba ne, kuma da wuya a samu dabbar da ta gaskata wannan magana kamar giliftodon. Ƙoƙonsa, wanda shi ne abu mafi girma da ya bari, ya ruɗi kusan duk wanda ya fara gani. Gaskiyarsa daga ƙananan abubuwa ta riƙa fitowa: haƙori guda, shatin wuƙa a jikin ƙashi, da ɗan gutsuren ƙoƙo da aka niƙa a ɗakin bincike.

Wane ne amadilo?

Babu amadilo a dajin Afirka, don haka babu sunansa a bakin mafarautanmu. Amma masu kallon ƙwallo sun taɓa ganinsa ko da ba su sani ba. Fuleco, alamar gasar cin kofin duniya da aka yi a Burazil a 2014, amadilo ne, irin wanda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ya ji tsoro. Sunan daga Sifaniyanci ya fito, ma'anarsa ɗan ƙaramin mai sulke. Akwai kusan iri 20 da ke raye a yau, dukkansu a nahiyar Amurka. Suna tona rami, suna cin gara da tururuwa da tsutsotsi, mafi girmansu kuma bai cika wuce nauyin buhun siminti ba.

Wanda ya ga amadilo zai iya cewa ɗan kunya ne, wato dabbar nan mai ɓawo da ke naɗewa in an taɓa ta. Wani kuma zai ce kunkuru. Duka biyun kuskure ne. Ɓawon ɗan kunya irin sinadarin farce da ƙaho ne. Ƙoƙon kunkuru kuwa haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka faɗaɗa suka haɗe. Sulken amadilo daban yake: ƙananan ƙasusuwa ne da ke tsirowa a cikin fata, irin waɗanda ke bayan kada. A cikin dabbobi masu shayarwa da ke raye, amadilo kaɗai ke da sulke irin wannan.

Sulken nasa yana da ɗamara a tsakiya, wato layuka masu motsi da ke ba shi damar lanƙwasa jiki. A nan ne giliftodon ya raba hanya da 'yan uwansa. Shi ba shi da ɗamara ko ɗaya.

Ƙirar jikinsa

Wanda ya san tsohuwar motar nan mai ƙusumbi, Volkswagen Beetle, ya san siffar giliftodon. Manyansu sukan kai mita 3 daga hanci zuwa wutsiya, tsayinsu mita ɗaya da rabi, nauyinsu daga tan ɗaya zuwa biyu. Ƙoƙon bayan ginanne ne kamar ƙubba, daga tubalan ƙashi fiye da 1,000, kaurin kowanne ya kai santimita 2 zuwa 3, an jera su haƙori da haƙori babu inda wuƙa za ta shiga.

In ka ɗauki tubali guda ka ɗora a tafin hannu, za ka ga yana da kusurwa biyar ko shida. A fuskarsa akwai da'ira a tsakiya, wasu ƙanana sun kewaye ta kamar fure, kai ka ce zanen da masu sassaƙa ke yi a bayan ƙwarya. Tsakanin da'irorin akwai 'yan ramuka inda jijiyoyin jini suka ratsa, wasu kuma nan gashi ya tsiro. Kowane jinsi da irin nasa zane, shi ya sa gwani zai iya karɓar tubali ɗaya tak ya faɗa maka sunan mai shi, kamar yadda dattijo ke duban tsagen fuska ya faɗi asalin mutum.

Ɗaukar irin wannan kaya ba wasa ba ne, don haka sauran jikin duk ya miƙa wuya ga ƙoƙon. Gaɓoɓin ƙashin baya sun narke sun zama kamar bututu guda. Ƙashin ƙugu ya manne da ƙoƙon daga ciki, ya zama ginshiƙi. Ƙafafu gajeru ne masu kauri kamar turmi. Tun da ba ya iya shigar da kai ciki yadda kunkuru ke yi, sai aka yi masa kwalkwali, wato wani faifan ƙashi a bisa ƙoƙon kai. Wutsiya ma tana cikin zobban ƙashi, ɗaya na shiga cikin ɗaya. Barde da ya sha sulke da kwalkwali, dokinsa ya sha lifidi, bai kai shi shirin yaƙi ba.

Duk wannan shiri kuwa na mai cin ciyawa ne. Ba shi da haƙoran gaba, ba shi da fiƙa. Turame ne kawai, takwas a kowane gefe sama da ƙasa, jimilla 32. Ba su da farin rufin nan mai ƙarfi da ke kan haƙoranmu, amma ba sa daina tsiro har mutuwa, don ciyawa mai haɗe da ƙura tana cinye haƙori kamar dutsen niƙa. Kowane haƙori yana da kwari biyu a kowane gefe da suka raba shi gida uku. Wannan sassaƙar ce ta ba shi suna.

Yadda ƙoƙo ya ruɗi malamai

Wani abin mamaki shi ne, Baturen da ya fara rubuta labarin wannan ƙoƙo ya kusa dacewa. Thomas Falkner, wani malamin mishan ɗan Ingila da ya daɗe a yankin, ya ba da labari a littafinsa na 1774 cewa ya ga wani ƙaton ƙoƙo na ƙasusuwa masu kusurwa shida a gaɓar kogin Carcarañá, kuma in ban da girma, babu abin da ya raba shi da bayan amadilo. Idonsa ne kawai ya yi masa jagora.

Ruɗanin ya zo ne daga baya. A ƙarshen shekarun 1780 aka tono ƙasusuwan wata dabba mai girman giwa a bakin kogin Luján, aka aika da su Madrid. A 1796 shahararren masanin Faransa, Georges Cuvier, ya raɗa mata suna Megateriyum, ya kuma nuna cewa 'yar uwar silot ce, dabbar nan mai nawa da ke rataye a bishiya. To, da yake sau da yawa ana tarar da tubalan ƙoƙo a ƙasa ɗaya da ƙasusuwan Megateriyum, sai aka ɗora wa Megateriyum rigar da ba tasa ba. Shekaru da dama ana rubuta shi a matsayin dabba mai sulke.

Da wannan fahimta Charles Darwin, yana saurayi ɗan shekara 23, ya sauka daga jirgin ruwan Beagle a watan Satumba na 1832, ya shiga tonon gaɓar teku a Punta Alta, kusa da Bahía Blanca. Ya samu manyan ƙasusuwa, ya samu tubalan ƙoƙo. A tafiye-tafiyensa cikin makiyayan yankin, mahaya dawaki da ake kira gawuco, ya ci naman amadilo gasasshe. Da rana yana tono sulken ƙato daga ƙasa, da dare yana ɓare sulken ƙarami a bakin wuta. Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: me ya sa dabbobin da suka ƙare a wannan ƙasa suke kama da waɗanda ke raye a cikinta, ba da na wata nahiya ba? Wannan tambaya tana cikin abubuwan da suka kai shi ga ra'ayin da ya wallafa a 1859 kan asalin jinsunan halittu.

Wanda ya raba gardamar rigar shi ne Richard Owen, masanin ƙirar jikin dabbobi a Landan, mutumin da ya ƙirƙiro kalmar dinoso bayan 'yan shekaru. Woodbine Parish, wakilin Ingila a Buenos Aires, ya aika da ƙasusuwa da bayanai gida. Owen ya duba haƙori, ya duba ƙasusuwan ƙafa, ya ga ba su yi kama da na Megateriyum ba ko kaɗan. A 1839 ya raɗa wa dabbar suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin sassaƙaƙƙen haƙori. Da haka aka tuɓe wa Megateriyum rigar aro, aka mayar wa mai ita.

Duniyar da ya rayu a ciki

Zamanin ƙanƙara, wanda masana ke kira Filayistosin, ya faro kimanin shekara miliyan 2.6 da suka wuce, ya ƙare shekara 11,700 da suka wuce. Sunan yakan sa mutum ya zaci duniya duka ta daskare. Abin ba haka yake ba. Sanyi yakan zo ya daɗe, ɗumi ya biyo baya, sanyi ya sake dawowa, sau da dama. A tsananin sanyi na ƙarshe, wajen shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai, ta riƙe ruwa mai yawa har teku ta ja baya da zurfin kusan mita 120. Wuraren da ƙanƙara ba ta kai ba, fari ne ya same su. A namu yankin Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, Tafkin Chadi ya ƙafe, kuma tsoffin jigayin yashi da ake gani a ƙasar Haɗeja a irin waɗannan lokutan bushewa iska ta tara su.

A daidai lokacin, filayen Pampas na Ajantina da Yurugwai sun kasance busasshiyar makiyaya mai sanyi da iska. Iskar tana kwaso ƙura daga yamma, daga gindin tsaunukan Andes da Patagoniya, haɗe da tokar duwatsu masu aman wuta, tana zubawa a filin kamar yadda hunturu ke shafe mana tabarma da daddare. Shekara dubu bayan shekara dubu, ƙurar ta taru ta kai kaurin mitoci masu yawa. Ita ce ta binne gawarwakin giliftodon, ita ce kuma ƙasar noman da ke ciyar da Ajantina a yau. Shi ya sa masu tsintar ƙoƙon nan galibi manoma ne, da makiyaya, da masu haƙa rijiya ko harsashin gini.

A farkon 2020 fari ya busar da rafin Vallimanca a gundumar Bolívar. Wani makiyayi da ya kora shanu ta wurin ya ga wasu ƙusumbi biyu a ƙasan rafin. Da masana suka zo suka tona, sai ga ƙoƙo huɗu, manya biyu da ƙanana biyu, duk sun fuskanci waje guda kamar ajali ya riske su suna tafe tare. An kiyasta shekarunsu da kusan 20,000. Fitar da irin wannan kaya aiki ne na haƙuri. Ana share ƙasa da ƙaramin cebur da buroshi, a naɗe ƙoƙon da tsumma da filasta kamar yadda ake ɗaure karaya a asibiti, sannan a ɗaga shi da inji. Dokar Ajantina ta 2003 ta ce irin waɗannan abubuwa dukiyar ƙasa ce, ba ta mai gona ba.

Amurka ta Kudu ta shafe miliyoyin shekaru a ware kamar tsibiri, kuma a cikin wannan kaɗaici dangin giliftodon suka bunƙasa. Wajen shekara miliyan 3 da suka wuce zirin ƙasar Panama ya haɗe nahiyoyin biyu, hanya ta buɗe. Dawaki da dangin raƙumi da na giwa da manyan dangin kyanwa suka kwararo kudu. Masu sulke kuma suka haura arewa. Wani jinsi mai suna Giliftoteriyum ya kai Meziko, da jihohin Arizona da Texas da Florida na Amurka. A Arizona an samu ƙoƙon kan wani ƙarami da huda biyu a sama, daidai tazarar fiƙoƙin babbar kyanwar daji. Mai farautar ya san inda zai kama, domin a lokacin ƙuruciya sulke bai gama ƙwari ba.

Taɓarya a wutsiya

Ana cewa kunkuru yana son dambe, ba shi da yatsa. Akwai wani ɗan gidan giliftodon da aka ba shi abin da ya fi yatsa. A 1874 Hermann Burmeister, Bajamushen da ke shugabantar gidan tarihi na Buenos Aires, ya raɗa masa suna Dodikurus, wanda a Girkanci ke nufin mai wutsiyar taɓarya. Nauyinsa ya kai kilo 1,400. Ƙarshen wutsiyarsa dunƙulallen ƙashi ne mai tsawon mita guda, ya buɗe a baki kamar kan kulki, da wasu faffaɗan gurabe inda ake jin ƙayoyi irin na ƙaho suka zauna.

Wa ake duka da wannan taɓarya? Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce Similodon, babbar kyanwar nan mai fiƙoƙi da suka fi taƙi guda. Amma dabbar da ƙoƙo ya tsare mata gani ta baya, da wuya ta iya saita duka kan mai farauta da ke tsalle nan da can. A 1999 masana uku, McNeill Alexander da Richard Fariña da Sergio Vizcaíno, suka lissafa ƙarfin naman da ke kaɗa wutsiyar, suka ga bugu ɗaya zai iya fasa ƙoƙon wani giliftodon. Kuma akwai ƙoƙuna a gidajen tarihi masu tabon karaya da ta warke. Wannan ya sa da yawa suka karkata ga cewa taɓaryar ta faɗan cikin gida ce, tsakanin maza, kan mace ko wurin kiwo, kamar yadda raguna ke karo. Sai dai su ba goshi suke haɗawa ba. Gefe da gefe suke tsayawa, kowa na auna haƙarƙarin ɗan uwansa.

Shatin wuƙa

Shin ɗan Adam ya ga wannan dabba da idonsa? Florentino Ameghino, wanda ya tashi a garin Luján yana tsintar ƙasusuwa a bakin kogi tun yana yaro, ya rantse ya gani. Malamin makaranta ne da ya koyar da kansa ilimin, har ya raɗa wa kantin littattafansa sunan giliftodon. A rubuce-rubucensa na wajen 1880 ya ce mutanen farko na Pampas, inda babu kogo kuma itace ya yi ƙaranci, sun riƙa fakewa a cikin ƙoƙon kamar bukka. Ya wuce nan ya ce asalin ɗan Adam ma daga Pampas ne. Wannan ta biyun ta rushe, kuma faɗuwarta ta ja sauran maganganunsa ƙasa. Ya rasu a 1911.

Amma kan cewa mutum da giliftodon sun yi zamani ɗaya, lokaci ya ba shi gaskiya. A watan Yuli na 2024 wasu masanan Ajantina, ƙarƙashin Mariano Del Papa da Miguel Delgado, suka wallafa bincike kan wani ƙaramin jinsi mai nauyin kusan kilo 300, wanda aka tono a gaɓar kogin Reconquista, a Merlo, bayan garin Buenos Aires. A jikin ƙashin ƙugunsa da wutsiyarsa da zobban sulkenta sun ƙirga shati 32.

Duk mahaucin da ya ga hoton shatin zai gane aikin. Haƙorin dabba in ya ci ƙashi yakan bar kwari mai faɗin gindi. Kaifin dutse kuwa siririn tsagi yake bari, mai tsinin gindi, miƙaƙƙe. Shatin nan irin na biyun ne, kuma ba a warwatse suke ba. Sun taru ne a inda tsoka ta fi yawa, a ƙugu da gindin wutsiya, daidai wuraren da mai fiɗa zai bi in yana son raba nama da ƙashi.

Sai batun shekaru. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon 14. Daga ranar mutuwa yake fara raguwa, rabinsa na tafiya a duk shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage, sai a san tsawon lokacin. Awon ƙashin ƙugun ya ba da kusan shekara 21,000. Wannan lamba ta tayar da ƙura, domin an daɗe ana koyar da cewa mutane sun shiga nahiyar Amurka wajen shekara 13,000 da suka wuce, kafin wurin tono na Monte Verde a Chile ya mayar da lissafin zuwa 14,500. Ba a tarar da wuƙar dutsen a wurin tonon na Merlo ba, shi ya sa wasu masana ke jan ƙafa. Amma sawayen mutane da aka gano a White Sands, a jihar New Mexico ta Amurka, su ma awonsu ya nuna shekara 21,000 zuwa 23,000.

Shatin wuƙa fiɗa yake nunawa, ba ya faɗin wanda ya yi kisa, don mai yiwuwa mushe suka tarar. Shaidar farauta ta fi ƙarfi a Benezuwela. A wuraren tono na Muaco da Taima-Taima an duba ƙoƙon kai shida na Giliftoteriyum, aka ga huɗu sun fashe a wuri guda, a saman kai, kamar an sauke musu dutse ko kulki. Mutum ya tsaya ya karanci dabbar, ya gane cewa ba sai ya fasa ƙubba ba. Mai ita ba ya gudu, kuma kansa a waje yake.

Dangi ya bayyana

Saura tambaya ɗaya da ƙashi ya kasa amsawa. Kowa ya yarda giliftodon da amadilo 'yan uwa ne, amma wace irin 'yan uwantaka? Saboda ƙoƙonsa marar ɗamara da haƙoransa na daban, masana da yawa sun ware masa gida nasa, suka ɗauke shi ɗan uwa na nesa.

A 2016 Frédéric Delsuc na Faransa da Hendrik Poinar na Kanada da abokan aikinsu suka ɗauki ɗan gutsuren ƙoƙon Dodikurus mai shekara kusan 12,000, suka tatso ragowar ƙwayoyin gado na DNA daga ciki, suka gwada da na amadilon da ke raye. Sakamakon ya nuna giliftodon ɗan cikin gida ne, amadilo ne cikakke, reshensa ya rabu da sauran wajen shekara miliyan 35 da suka wuce, daga kaka mai nauyin kilo 6 kacal. Cikin makusantansa akwai wani ɗan mitsitsi mai ruwan hoda da ke rayuwa ƙarƙashin yashi a tsakiyar Ajantina, wanda mutanen wurin ke kira ficiciyego. Tsawonsa bai fi santimita 12 ba, nauyinsa bai kai na sabulun wanki ba, yana zama daram a tafin hannu. Wanda aka ce ƙwan dinoso ne, aka ba Megateriyum aron rigarsa, ashe ɗan uwan wannan ne. Maganar Falkner ta 1774 ta tabbata bayan shekara 242.

Abin da sulke bai tare ba

Wajen shekara 12,000 da suka wuce, giliftodon ya ƙare. Ba shi kaɗai ba. Megateriyum, da Similodon, da dawakin nahiyar, da dangin giwa, duk sun bi. Amurka ta Kudu ta rasa kusan kashi 80 cikin 100 na jinsunan manyan dabbobinta masu shayarwa, asarar da ta fi ta kowace nahiya in ban da Ostireliya.

Masana sun kasu kan dalili. Wasu sun ɗora laifin kan yanayi: duniya ta yi ɗumi, ruwa ya ƙaru, busasshiyar makiyayar da dabbar ta saba da ita ta canza. Wasu suka ce ai ta sha ganin irin wannan canji sau da dama ta tsallake, kuma sabon abu ɗaya a wannan karo shi ne mutum. Suna nuni da cewa raguwar manyan dabbobin ta zo daidai da yaɗuwar wani irin kan mashi na dutse mai gindi kamar wutsiyar kifi, wajen shekara 13,000 da suka wuce. Mafi yawa a yau suna ganin abu biyun ne suka haɗu. Babbar dabba ba ta haihuwa da yawa, kuma ɗanta yana daɗewa bai girma ba. In kiwo ya ragu, ko kisa kaɗan a shekara ya isa ya sa mutuwa ta fi haihuwa.

Ƙananan kuwa suna nan. Suna haihuwa da wuri, suna cin abin da suka samu, in abu ya ɓaci su shige rami. Amadilo mai ɗamara tara, wanda ke haifan 'ya'ya huɗu masu kama ɗaya a kowane ciki, ya ƙetare kogin Rio Grande zuwa Texas a ƙarni na 19, kuma yau ana ganinsa har jihohin Nebraska da Illinois.

Afirka ce nahiyar da ta fita daga zamanin ƙanƙara da mafi yawan manyan dabbobinta, giwa da dorina da karkanda da raƙumin dawa. Mu ma muna da namu mai sulke. Ɗan kunya in ya naɗe, zaki ma sai ya gaji ya bar shi, amma mutum sunkuyawa kawai yake yi ya ɗauke shi ya jefa a buhu. Tun 2017 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, duk da haka jami'an kwastan na ci gaba da kama ɓawonsa tan-tan a tashoshin ruwan Legas. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Giliftodon ya yi miliyoyin shekaru sulkensa na tare masa haƙori da farce, amma da ya haɗu da mai dabara da dutse a hannu, yau sai a gidan tarihi ake ganinsa.